Kada A Ƙara Fasa Dutse A Bushe

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dawa an kai rumbu, sai ƙauyukanmu su fara raguwa. A dā cin rani yana nufin dako a kasuwar birni, ko sayar da ruwa, ko gadi. Yanzu samari da yawa sun sami hanyar da ta fi kawo kuɗi. Waɗansu suna tafiya wuraren fasa dutse irin na Mpape kusa da Abuja da na kewayen Jos. Waɗansu kuwa ramukan zinariya suke nufa, a Zamfara, da jihar Neja, da Birnin Gwari, har da masu ƙetare iyaka zuwa Jado cikin hamadar Nijar, inda aka ga zinariya a 2014. Ba mu ga laifinsu ba. Gona ba ta riƙe mutum wata goma sha biyu, ga kuɗin taki, ga kuɗin makaranta, ga aure.

Amma da yawa daga cikinsu suna komowa da wani abu cikin ƙirji wanda ba su sani ba, iyayensu ma ba su sani ba, kuma ba zai nuna kansa ba sai bayan shekaru, sa'ad da kuɗin aikin ya daɗe da ƙarewa. Likitoci suna kiran wannan cuta silikosis. Mu a nan za mu kira ta ciwon ƙurar dutse, domin kowa ya gane. Ba ta da magani, ko a nan ko a ƙasar Turai. Hana ta kuwa ruwa yake bukata kafin kome. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, kada wani ƙauye ya ƙara yarda a huda dutse, ko a fasa shi, ko a niƙa shi a bushe cikin ƙasarsa, kuma kuɗin ruwan nan ya fito daga aljihun mai inji, kada a cire shi daga ladan lebura. Bari mu faɗi dalilanmu.

Yadda ƙura take zama cuta

Yawancin duwatsun ƙasarmu suna ɗauke da wani sinadari wanda masana suke kira silika. Shi ne ainihin yashi. Shi ne kuma farin dutsen nan mai tauri da ake ce wa ƙanƙara, wanda masu neman zinariya suke bin jijiyarsa cikin ƙasa. Dutsen da ake fasawa domin tsakuwar gini yana da silika wajen kashi 30 cikin 100. Ƙanƙara kuwa kusan dukanta silika ce.

Muddin yana cikin dutse ba ya cutar kowa. Mutum ya shanya hatsi a kan fa har tsufansa, babu abin da zai same shi. Wahala tana farawa sa'ad da aka sa wa dutsen nakiya, ko injin hudawa, ko injin niƙa. A lokacin ne ƙura iri biyu take tashi. Akwai wadda ido yake gani, mai mayar da gira da gashin kai fari fat. Hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta, mutum ya yi atishawa, ya yi kaki ya tofar. Akwai kuma wadda ido ba ya gani, wadda ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta wajen sau ɗari. Ita ce mai kisa. Takan daɗe tana shawagi cikin iska bayan an kashe inji, har ma'aikata su ce wuri ya washe, alhali kuwa tana nan.

Wannan siririyar ƙura tana wucewa har can ƙarshen huhu, inda iska take saduwa da jini. A wurin jiki yana da waɗansu ƙananan masu gadi waɗanda aikinsu shi ne su haɗiye duk wani baƙon abu su narkar da shi. Ƙwayar cuta suna iya narkar da ita, dutse kuwa ya gagare su. Sai su haɗiye ƙurar su mutu, ƙurar ta fito, waɗansu su zo su haɗiye su ma su mutu. Wurin ya yi rauni, ya warke da tabo. Ku tuna da zugazugin maƙeri. Idan fatar tana da laushi, da ɗan motsi kaɗan wuta za ta kama. Idan ta bushe ta ƙandare, ko an yi ta bugawa iska kaɗan ce take fita. Haka huhu mai tabo yake. Abin da ya fi ba da tsoro kuwa shi ne, tun da ƙurar ba ta fita, tabon yana iya ci gaba da yaɗuwa ko da mutum ya bar aikin ya koma gona.

Ga yawancin mutane sai bayan shekara 10 ko fiye alama take fitowa. Da fari haki ne in an hau tudu ko an ɗauki buhu. Daga nan busasshen tari, da rama, da gajiya. Mutumin da dā yake huɗa kunya ɗari kafin ya miƙe, yanzu in ya yi goma sai ya dafa fartanya. Inda ƙura ta yi yawa, shekara 5 ta isa. Inda ta yi yawa ƙwarai, watanni ma sun isa. An ga haka a Amurka a 1930, sa'ad da aka fara haƙa hanyar ruwa mai tsawon mil 3 ta cikin wani dutse a Hawk's Nest, jihar West Virginia. Dutsen kusan zallar silika ne. Akwai injin hudawa mai aiki da ruwa a zamanin, amma hudawa a bushe ta fi sauri, kuma ɗan kwangila sauri yake so. Ma'aikata sun ba da shaida cewa ba a sakin ruwa sai ran da masu duba aiki za su zo. Yawancinsu baƙaƙen fata ne da suka zo neman aiki daga nesa. A 1936 aka faɗa wa majalisar ƙasar cewa mutum 476 suka mutu. Wani likita, Martin Cherniack, da ya sake bin lissafin a 1986, ya ce ba su kasa 764 ba.

Har wa yau cutar tana bin sababbin sana'o'i. Turkiyya ta hana fesa wa wandon jins yashi a 2009, bayan samari masu wannan aiki sun yi ta mutuwa. Ostireliya ta haramta wani dutsen haɗi da ake yin teburin kicin da shi daga ran 1 ga Yuli 2024, gama masu yanka shi suna kamuwa tun suna da ƙuruciya.

Wani zai ce, in haka ne me ya sa ba mu ji ana maganarta a garinmu ba? Dalili na fari, tana ɓuya a bayan tarin fuka. Alamunsu kusan ɗaya ne, a hoton ƙirji ma suna kama da juna. Bugu da ƙari, huhun da ƙura ta raunana ya fi saurin kamuwa da tarin fuka wajen sau uku, saboda haka sau da yawa mutum ɗaya yana ɗauke da duka biyu. Sai a ba shi maganin wata shida, ya sha, ƙwayar tarin ta mutu, amma haki yana nan. A ce bai sha daidai ba, a sake ba shi. Daga nan a sayar da akuya a tafi wurin mai magani, a sayar da sa, a jinginar da gona. Wani lokaci ma har a fara kallon kishiya ko maƙwabci, ana cewa sammu ne. Mun san gidajen da zumunci ya lalace a kan ciwon da asalinsa yana can bakin inji, shekara goma sha biyar da suka wuce.

Dalili na biyu shi ne, mai wannan ciwo ba a wurin aiki yake mutuwa ba. A ɗakin uwarsa yake mutuwa, ko a hannun matarsa, nesa da idon wanda ya ci ribar ƙarfinsa. Ƙasar da ta fi kowa sanin wannan ita ce Afirka ta Kudu, kuma labarinta ya isa mu tsaya a kansa.

Abin da ya sami 'yan cin rani na Afirka ta Kudu

An gano zinariya a wurin da birnin Johannesburg yake yau a 1886. Ita ma cikin dutse mai ƙanƙara take. Ba a yi shekara ashirin ba masu huda dutse suka fara faɗuwa, har hukuma ta kafa kwamitin bincike a 1902. Tun 1912 akwai dokar biyan diyya. A 1930 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta tara masana a Johannesburg ɗin domin wannan cuta kaɗai. Watau babu wanda zai ce ba a sani ba.

Amma baƙaƙen leburori ba mazauna birni ba ne. 'Yan ƙauye ne kamar 'ya'yanmu, daga Lesoto, da Mozambik, da Malawi, da Botswana, da karkarar ƙasar kanta. Mutum ya sa hannu a kwantiragi, ya yi watanni a ƙarƙashin ƙasa, ya koma gida, ya sake dawowa. Ran da ƙirji ya gaza sai a sallame shi. Turawan da suke aiki tare da su ana duba lafiyarsu a kai a kai, diyyarsu kuma ta ninka ta baƙar fata nesa ba kusa ba. Shi kuwa ɗan ƙauye, in ya hau jirgin ƙasa ya tafi, an rufe littafinsa ke nan. Matarsa ce asibitinsa, ita ce kuma fanshonsa. Da likitoci suka bi sawun tsofaffin ma'aikata zuwa wani gari mai suna Thamaga a Botswana suka ɗauki hoton ƙirjinsu, rahoton da suka buga a 1997 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin huɗu yana da tabon ƙura a huhu, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa karɓar diyya.

Wani mai suna Thembekile Mankayi ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa daga 1979 zuwa 1995. Ya fito da ciwon ƙurar dutse da tarin fuka, aka ba shi rand 16,320 aka ce an gama da shi. A 2006 ya kai kamfanin AngloGold ƙara. Aka yi ta ja har kotun tsarin mulki, wadda ta yanke a watan Maris 2011 cewa ma'aikaci yana da ikon neman cikakkiyar diyya daga kamfani. Mankayi bai ji hukuncin ba. Ya rasu ƙasa da mako guda kafin a karanta shi. Amma ƙofar da ya buɗe dubban mutane suka bi, har a 2018 kamfanoni shida suka yarda su biya rand biliyan 5. Kotu ta amince a 2019, aka kafa asusun Tshiamiso domin ya nemo waɗanda suka yi aiki tun daga 1965, ko magadansu, ya biya su.

Ku lissafa da kanku. Daga kwamitin 1902 zuwa yarjejeniyar 2018 shekara 116 ke nan. Kuma waɗannan manyan kamfanoni ne masu ofis da dukiya, waɗanda lauya ya san inda zai kai musu sammaci. To, ɗanmu wa zai kai ƙara? Mai injin da ya kafa rumfa a bakin rami bana, baɗi ya kwashe kayansa ya koma wata jiha? Mu dai a ganinmu, wanda ya sa rai ga diyya a nan ƙasar zai daɗe yana jira. Abin da za mu samu sai mu nema tun inji bai fara kuka ba. Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wutar ma ta riga ta iso. Masu karatu ba su manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. An riƙa kawo dutsen zinariya cikin gari, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a bushe da irin injin da muke niƙa hatsi. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na jihar Neja, yara 28 suka mutu. Dalma tana kashe yara da sauri, shi ya sa duniya ta gani ta kawo gudummawa. Amma ƙurar nan da ta ɗauki dalma ta ɗauki silika kuma, ta shiga huhun iyayen da suka tsaya a bakin inji. Nasu lissafin a hankali yake zuwa.

Daga Shikira ɗin ne kuma aka sami labari mai ƙarfafa zuciya. Ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da wata ƙungiyar Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata, sun haɗa kai da masu haƙar zinariya na wurin, suka sa wa injunan fasawa da na niƙa feshin ruwa. Suka auna iska kafin da kuma bayan haka. Rahoton da aka buga a 2019 ya nuna ƙurar silika ta ragu da wajen kashi 80 cikin 100, ta dalma kuwa da kashi 95. Ba a Turai aka yi wannan ba. A ƙauye aka yi, da tanki da mesa da bakin feshi.

Mun san abin da masu inji za su ce, gama mun sha ji. Za su ce da rani ruwan sha ma wuya yake yi, ina za a sami na zuba wa dutse? Amsa ita ce, feshi ake bukata, irin na injin feshin da manomi yake goyawa a baya, a daidai inda dutse yake shiga da inda yake fita. Ba a ce a malale wuri ba. In an haƙa rami a gefe ruwan ya kwanta, ana iya ɗiban na sama a sake aiki da shi. Mai injin da yake kawo man dizal daga gari mai nisa kowace safiya, ba zai ce jarkar ruwa ta gagare shi ba. Masu zinariya kuwa ba su da ta cewa ko kaɗan, tun da tilas su nemi ruwan wanke gari bayan niƙa. Za su kuma ce jiƙaƙƙen dutse yana toshe rariya yana rage sauri. Akwai gaskiya a nan, in ruwa ya yi yawa. Sai an gwada an daidaita, kuma mai yiwuwa tifa ɗaya ta ragu a yini. Wannan ita ce hujjar ɗan kwangilar Hawk's Nest. Sai dai a kula da abu guda: lakar da ta taru kada a bar ta ta bushe a fili iska ta sake kwasa, balle inda akwai dalma. A binne ta nesa da gida da rijiya.

Waɗansu masu inji sun fi son su raba takunkumi. Ba mu ƙi ba, amma a san iyakarsa. Ƙyalle, da rawani, da irin takunkumin da aka riƙa sawa lokacin korona a 2020, duk ba su tare siririyar ƙura. Wanda yake aiki shi ne irin wanda aka rubuta wa N95 ko FFP2, shi ma sai ya manne da fuska babu kafa, kuma gemu yana hana shi mannewa. Yakan toshe, tilas a riƙa sakewa. Ga zafin Maris da Afrilu, wa zai ɗaga guduma yini guda da hanci a rufe? Abin da ya sa ba mu yarda a tsaya ga takunkumi kaɗai ba shi ne, yana ɗauke nauyi daga kan mai inji ya ɗora wa lebura. In ciwo ya zo sai a ce, ai an ba shi bai sa ba. Ruwa kuwa yana kāre kowa a lokaci ɗaya, har da mai tallar abinci da yaron da aka aiko.

Sai maganar madara. Leburori da yawa suna sayen gwangwanin madara da yamma, wai tana wanke ƙura. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga, kuma hanyarsu ta rabu tun daga maƙogwaro. Akwai kuma masu cewa, mu da muka tashi cikin hazon hunturu wace ƙura ce za ta ba mu tsoro? Hazo ma yana da tasa illa. Amma masana sun gano cewa ƙurar dutsen da aka fasa yanzu-yanzu ta fi wadda ta daɗe tana yawo dafi, ga shi kuma yawan da mutum yake shaƙa a bakin inji ba a haɗa shi da na sarari. Mai cewa kowa da kwanansa, gaskiya ya faɗa, amma shi ma yana sa wa rijiyar gidansa murfi saboda yara.

Ina ƙauye zai sami ikon tilasta wa mai inji? Ikon yana nan, ba a dai cika amfani da shi ba ne. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ce duk wanda ya sami lasisin haƙar ma'adinai, babba ko ƙarami, ko na fasa dutse, sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta bayan kowace shekara 5. Abin da aka saba roƙo shi ne rijiyar burtsatse, da aji biyu, da kwalbati, da a ɗauki 'yan gari aiki. Duk suna da kyau. Amma ina amfanin a ɗauki samarinmu talatin aiki, in bayan shekara goma sha biyar za a mayar mana da su ba su iya ɗaukar fartanya? Muna roƙon dagatai da masu unguwa da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, ran da za a zauna, a sa maganar ruwa a layi na fari: babu ruwa, babu tayar da inji. A sa nisan inji daga gidaje da makaranta, a duba ta inda iska take busowa da rani. A sa cewa yaro ba zai yi aiki a wurin ba, kuma mai inji zai biya kuɗin hoton ƙirjin ma'aikatansa lokaci lokaci. Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a dalilin aiki. A tambayi kamfani ko yana zubawa, ya nuna takarda.

Inda babu lasisi, akwai mai gonar da ya ba da hayar fili, akwai kuma shugabannin da masu haƙa suke naɗa wa kansu. Su ma suna iya kafa sharaɗi. Ba mu manta ba cewa akwai yankunan da 'yan bindiga suka hana dagaci ma kwana a gidansa. Maganarmu ta fi shafar inda har yanzu ana jin ta manya. Mu masu saye ma muna da baki. Kowane kwamitin gina makaranta, ko ɗakin shan magani, ko ɗakin ibada, yana sayen tsakuwa tifa tifa. In wurare biyu suna sayarwa, a je a gani da ido, a saya a wurin mai ruwa, a kuma gaya wa ɗayan dalili.

Ba masu manyan injuna kaɗai abin ya shafa ba. Matan da suke fasa dutse da guduma a bakin hanya ƙurarsu ba ta kai ta inji ba, amma shekaru suna taruwa. Su yayyafa wa tarin dutse ruwa, su zauna iska tana busowa daga bayansu, kuma a nemi wadda za ta riƙe jarirai a inuwa can gefe, ko da karɓa-karɓa ne. Masu haƙa rijiya, in sun tarar da fa suka kawo injin hudawa, suna cikin hatsari mai girma, gama rami ba shi da taga, ƙurar da ta tashi a hancinsu take komawa. A riƙa zuba ruwa a bakin ƙarfen, kuma bayan nakiya kada a yi gaggawar sauka. Haka kuma 'ya'yanmu da suka koyi sa tayil a birni: gorar ruwa da aka huda tana ɗiga a bakin abin yanka ta fi babu nesa. Kowa kuma ya wanke jiki ya sake tufa a wurin aiki, kada a kakkaɓe rigar aiki a tsakar gida.

Ga ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara muna da roƙo guda. Duk wanda ya zo da tari ko haki mai daɗewa, ku tambaye shi: wane aiki ka taɓa yi, a ina, shekara nawa? Kada ku tsaya ga amsar "noma", gama kowa manomi ne. Ku tambayi abin da yake yi da rani. A gwada kakinsa, tun da gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma tarin fuka yana warkewa. In an gama magani haki bai tafi ba, a tura shi babban asibiti da takarda mai bayyana aikin da ya yi, domin mai karanta hoton ƙirji ya san abin da zai nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa binciken tarin fuka a tsakanin masu aiki cikin ƙurar silika, a kuma ba mai ciwon ƙurar dutse maganin rigakafin tarin. Wanda aka tabbatar yana da ciwon, ya bar aikin ƙura nan da nan, ya bar taba, ya nisanci hayaƙin murhu. Tabo ba zai goge ba, amma sauran huhun da ya rage yana iya riƙe shi shekaru masu yawa. A kuma gaya wa iyalinsa a sarari cewa ciwon ƙurar dutse shi kaɗai ba a ɗaukarsa daga mutum, kada a ware masa kwano.

Saura abu ɗaya wanda ba ya cin kuɗi sai na littafi da biro. A Afirka ta Kudu, bayan an ci nasara a kotu kuɗi kuma yana ajiye, iyalai da yawa sun kasa karɓa domin babu takardar da ta nuna a wane rami mutum ya yi aiki, ko kuwa takardar mutuwarsa ba ta ambaci ciwon huhu ba. Saboda haka kowane ƙauye ya sami littafi guda a hannun magatakardan dagaci ko sakataren ƙungiya. Duk saurayin da zai tafi aikin dutse a rubuta sunansa, da wurin da ya nufa, da sunan mai inji, da irin aikin da aka sa shi, da watan tafiya da na dawowa. Wanda aka ba katin aiki ko takardar biya, ya kawo a kwafe lambar. Wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ajiye hoton a cikin akwati tare da takardun gona. A fara da waɗanda za su tafi bana, sa'an nan a bi gida gida a rubuta na shekarun baya tun masu tunawa suna da rai.